Yadda ake ɗaukaka ƙara a nemi komawa bakin aiki bayan an kori mutum

Ranar da aka miƙa wa ma'aikaci takardar sallama, ko dai ya tsaya a bakin ofis yana ɗaga murya har masinja ya fito da shi, ko ya naɗe takardar ya cusa a aljihu ya ce haka Allah ya ƙaddara. Wanda ya yi masifa ya ba su hujjar da ba su da ita a da. Wanda ya yi shiru kuma lokaci na tafiya yana zaune, alhali a wannan sha'ani lokaci shi ne jarinsa. Ana maido da mutane bakin aiki, a gwamnati da wajen 'yan kasuwa. A shekarar 2023 gwamnatin Kano ta tsayar da albashin dubban ma'aikatan da gwamnatin baya ta ɗauka gab da saukarta, aka kafa kwamitin tantancewa, daga ƙarshe aka maido da sama da 9,000, aka sallami sama da 3,000. A gaban irin wannan kwamiti, takardun mutum ne ke yi masa magana.

Wannan bayani don malamin firamare ne a ƙauye, da ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi, da akawun ƙaramar hukuma, da mai zuba mai a gidan mai, da yaron da ke aiki a injin casar shinkafa ko gonar kaji.

Ranar da abin ya faru

Karɓi takardar. Ƙin karɓa ba ya soke kora, sai dai ya bar ka ba ka san abin da aka rubuta a kanka ba. Idan aka ce ka sa hannu ka karɓa, sa, ka rubuta kwanan watan wannan ranar a gefen sa hannunka. Sau da yawa takarda takan kwana mako uku a hanya tsakanin hedikwata da ƙauye, kuma ranar da ta shigo hannunka ita ce abin kafa hujja.

Akwai takarda guda da ba za ka sa wa hannu ba, ko wa ya lallashe ka: takardar ajiye aiki. Za a ce maka ai rufin asiri ne, don kada sunanka ya ɓaci. Wani lokaci da gaske ake, amma ka sani wanda ya rubuta da hannunsa cewa ya ajiye aiki ya kusa rufe wa kansa ƙofar ƙara. Ka ce a ba ka kwana biyu ka yi shawara. Haka nan kuɗin sallama. Kotuna sun sha yanke cewa wanda ya karɓi kuɗin ya yi shiru ya yarda da sallamar. In kuɗin sun faɗo asusunka na banki ba da neman ka ba, rubuta nan take cewa ka gani amma ba ka amince da sallamar ba.

In da baki aka kore ka, roƙi a ba ka a rubuce. In an ƙi, tura saƙon waya mai ladabi: "Ranka ya daɗe, yau Talata ka umarce ni in daina zuwa aiki. Ina roƙon a ba ni a rubuce don in san matsayina." Kada ka goge saƙon. Ma'aikacin gwamnati kuwa, muddin takarda ba ta zo ba, ya ci gaba da zuwa yana sa hannu a rajista, domin rashin zuwa aiki ba izini babban laifi ne da kansa, kuma da shi za a kama shi gobe.

Miƙa makullai, da littafin ciniki, da babur ko wayar ofis, a gaban shaida, a rubuta abin da ka miƙa. Kada ka riƙe kayan mai gida da sunan sai ya biya ka. Nan da nan maganar za ta koma ofishin 'yan sanda. Facebook da gidan rediyo kuma a dakata da su tukuna. Wanda ka tona wa asiri a bainar jama'a ba zai sa hannu a dawo da kai ba, ko da a zuciyarsa ya san an zalunce ka.

Karanta abin da aka rubuta, ba abin da ka ji ba

Samu wanda ya iya Turancin ofis ya karanta maka kalma bayan kalma. Dakatarwa daban, sallama daban, kora daban. Wanda aka dakatar har yanzu ma'aikaci ne, ana bincike ne. Wanda aka sallama yana da haƙƙoƙinsa na ƙarshen aiki. Wanda aka kora saboda babban laifi, a aikin gwamnati, yakan rasa waɗannan haƙƙoƙi, kuma tabon kan bi shi duk inda ya nemi aikin gwamnati. Akwai kuma wanda ba a kore shi ba sam, sunansa ne ya faɗi a wajen tantancewa aka tsayar da albashi, saboda shekarar haihuwa ta saɓa tsakanin takardar makaranta da lambar BVN ta banki, ko ya yi rashin lafiya ranar da kwamiti ya zo. Wannan gyaran fayil yake bukata, ba ƙara ba.

Duba abu uku a jikin takardar: wa ya sa hannu, wane dalili aka bayar, kuma daga wace rana hukuncin ya fara aiki.

Wane irin aiki kake yi?

A nan ne mutane suka fi ruɗewa, kuma a nan ne za ka san ko haƙƙi za ka nema ko alfarma.

Ma'aikacin gwamnati na dindindin, wanda aka tabbatar da shi a aiki, doka ce ke riƙe da kujerarsa. Ba a korarsa sai an bi matakai: a ba shi takardar tuhuma, wato kweri, a faɗi laifin a fili, a ba shi lokacin amsawa, a saurare shi, sannan hukumar da doka ta ba ikon hukunci ta yanke. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi a ji ta bakin mutum kafin a yanke masa hukunci. Idan aka tsallake matakan nan, kotu na iya soke korar, ta ce a mayar da shi a biya shi albashin da ya rasa. Kotun Ƙoli ta yi haka a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas a 1985, kuma har gobe lauyoyi da ita suke kafa hujja. Batun wanda ya sa hannu ma babba ne. A tsarin ƙananan hukumomi, ma'aikaci daga matakin albashi na 07 zuwa sama yana ƙarƙashin Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ta jiha, ciyaman ba shi da ikon korarsa don ransa ya ɓaci. Malaman firamare kuma hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ce uwarsu.

Wanda ke aiki a kamfani, ko makarantar kuɗi, ko wajen wani alhaji, lissafinsa daban ne. Galibi kotu ba ta tilasta wa mai gida ya zauna da yaron da ba ya so. Abin da take yi shi ne ta sa a biya diyya da haƙƙoƙin da aka danne. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya faɗi mafi ƙarancin sanarwar da za a ba ma'aikaci: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga mai shekara biyar ko fiye. Ana iya biyan kuɗi a madadin sanarwar. Idan rage ma'aikata aka yi, sashe na 20 ya ce wanda ya zo daga baya shi ke fara tafiya, tare da la'akari da ƙwarewa da riƙon amana. Sashe na 54 kuma ya hana a ba mace takardar kora tana cikin hutun haihuwa. Saboda haka a irin wannan aiki, kuɗinka haƙƙi ne, komawarka kuwa roƙo ne.

'Yan wucin gadi da 'yan kwantiragi, irin malaman shirin J-Teach a Jigawa, su duba takardar da aka ɗauke su da ita, don sharuɗɗansu suna ciki.

Haɗa takardu

Takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma ta ƙarshe, takardun canjin wurin aiki, kweri da amsar da ka bayar, bayanin banki da ke nuna shigar albashi, da duk shaidar da ta shafi zargin: katin asibiti, takardar izinin hutu, takardar izinin ƙaro karatu. Yi fotokwafi kashi uku, ka ɗauki hotonsu a waya. Na asali ba sa barin hannunka, sai dai a gani a maido. Wanda bai taɓa samun takardar ɗaukar aiki ba, alhali doka ta ce a ba da ita cikin wata uku da fara aiki, ya tara abin da zai nuna ya yi aikin: alat na albashi, katin shaida, saƙonnin manaja, abokan aiki biyu da za su iya tsayawa.

Rubuta wasiƙar

Shafi ɗaya, in ta yi yawa ɗaya da rabi. Kafin ka ɗora biro, zauna kai kaɗai ka amsa wa kanka: na yi laifin ko ban yi ba? Wasiƙar mai gaskiya daban take da ta mai neman afuwa, kuma wadda ta haɗa biyun ita ce ta fi saurin mutuwa a cikin fayil. Ba za ka ce sharri aka yi maka a sakin layi na farko ba, sannan a na uku ka ce ba za ka ƙara ba.

Ga yadda ta wanda aka tsallake wa ƙa'ida za ta kasance:

Zuwa ga Shugaban SUBEB,
ta hannun Sakataren Ilimi na Ƙaramar Hukuma,
ta hannun Shugaban Makaranta.

Ranka ya daɗe,

Roƙon a sake duba hukuncin korata daga aiki

Ni malami ne mai matakin albashi na 07, lambar fayil kaza, an ɗauke ni ranar kaza, an tabbatar da ni ranar kaza. Ranar kaza na karɓi takarda mai lamba kaza, wadda ta ce an kore ni saboda rashin zuwa aiki na mako shida. A wannan lokaci ina kwance a asibiti, kuma na aika wa shugaban makaranta takardar likita a makon farko. Ga kwafinta da na katin sallamar asibiti a haɗe. Ba a ba ni takardar tuhuma ba, ba a kuma kira ni gaban wani kwamiti ba kafin hukuncin. Ina roƙon hukuma ta janye takardar korar, ta mayar da ni bakin aiki daga ranar da aka cire ni, ta biya ni albashin da aka riƙe. A shirye nake in bayyana gaban duk kwamitin da aka kafa.

Ka lura babu zagi a ciki, babu sunan wanda ake zargi da kai gulma, babu lissafin mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya. Kowa a ofishin yana da iyali, wannan ba hujja ba ce. Akwai kwanan wata, akwai shaida, akwai abin da ake so a yi a fili.

Wanda ya san ya yi laifin ya faɗe shi a jimla ɗaya ba kwana-kwana, ya kawo shekarun da ya yi ba a taɓa ba shi kweri ba, ya faɗi abin da ya gyara, sannan ya roƙi a sassauta: a mayar da kora gargaɗi, ko rage matsayi, ko canjin wurin aiki, ko aƙalla a mayar da ita sallama don kada haƙƙoƙinsa su salwanta. Amma in zargin na kuɗi ne ko wani abu da zai iya kai mutum gaban alƙali, kada ya rubuta kalma ɗaya ta amsa laifi sai lauya ya gani.

Da Turanci ake rubuta wa ofisoshin gwamnati. Ka tsara taka da Hausa, wani ya juya maka, sannan ya karanta maka ya fassara ka ji. Masu buga takarda a bakin sakatariya suna da wata tsohuwar wasiƙar ban haƙuri da suke sauya wa suna kawai, kuma a cikinta mutum kan amsa laifin da bai yi ba bai sani ba.

Kai ta, a buga maka hatimi

Bi ta hannun shugabanninka kamar yadda ƙa'ida ta ce, amma ka aika kwafi kai tsaye zuwa hedikwata, a Kano ko Dutse, don wanda ya jawo korar yana iya danne ta a durowarsa. A kowane ofis, akawun karɓar wasiƙu ya buga hatimi da kwanan wata a kwafin da zai zauna a hannunka. Ba hatimi, ba ka kai ba. Tambaye shi teburin da fayil zai nufa, ka karɓi lambar wayarsa, ka riƙa gaishe shi. Bayan mako biyu ka leƙa, bayan wata guda ka rubuta tunatarwa, ita ma a buga mata hatimi.

A ranar ka kai wa ƙungiyarka kwafi: NUT ga malamai, NULGE ga ma'aikatan ƙananan hukumomi, ƙungiyar ma'aikatan lafiya ga 'yan asibiti. Shekara da shekaru ana yankar kuɗin ƙungiya a albashinka, yau ce ranar amfaninsu.

Sai maganar manya. Ba laifi ba ne hakimi ko ɗan majalisar yankinku ya sa baki, kuma kowa ya san a ƙasar nan waya ɗaya kan tayar da fayil ɗin da ya yi wata shida yana barci. Amma sai akwai fayil ɗin. Abin da ya fi kashe irin wannan magana a karkara shi ne mutum ya kai kukansa gidan wani babba, a ce masa "kada ka damu, zan yi magana," ya koma gida ya zauna. Damina ta wuce, kaka ta wuce, bai rubuta komai ba. Ranar da ya farga, babban ya sauka daga kujera, wa'adin ƙara kuma ya ƙare. Rubuta tukuna, sannan ka kai wa babban kwafi mai hatimi, don ya san abin da zai yi magana a kai.

Gaban kwamiti

Je da wuri, da takardunka a jere bisa kwanan wata, da wakilin ƙungiya in an yarda. Roƙi a karanta maka zargin. Amsa abin da aka tambaye ka kawai. In an kawo takarda a kanka, ka ce a ba ka ka gani. In an ce wani ya ba da shaida, ka roƙi a ba ka damar yi masa tambaya. Da ka fito, rubuta sunayen waɗanda suka zauna da abin da aka faɗa tun ba ka manta ba.

In mai gida ɗan kasuwa ne

Nan takarda ba ta isa ba, sai da fuska. Bar shi ya huce kwana uku zuwa mako, kada ya wuce haka, don gurbin mai zuba mai ko direba ba ya daɗewa a buɗe. Nemo mutumin da yake jin nauyinsa: wanda ya kawo ka aikin tun farko, ko limamin masallacinsa, ko mai unguwa, ko abokin kasuwancinsa. Ka faɗa wa wannan mutumin gaskiya duka, har da inda ka yi kuskure, domin in ya je ya ji wani sabon labari a bakin Alhaji, ka kunyata shi kuma ka rasa shi.

Kada a tare shi a wurin aiki gaban yara. A same shi a zaure bayan la'asar. Ka cire takalmi, ka zauna ƙasa, ka bar dattijon ya buɗe magana. Zai ce, "Alhaji, yaronka ne na kawo, ɗa na kowa ne, a yi haƙuri a duba." Alhaji zai zazzage abin da ke ransa, wataƙila har da abin da ba haka ya faru ba. Kada ka katse shi. In ya gama ka ce, "Allah ya huci zuciyarka, ranka ya daɗe. Gibin da aka samu a cinikin ranar Juma'a sakacina ne, na ba da bashi ban rubuta ba. In ka yarda a riƙa cira a albashina har ya cika, kuma a gwada ni wata guda." Tayin da ya rage masa asara ya fi rantsuwa goma tasiri. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, sai dai wannan karin magana a zuci ake yin ta, ba a zauren Alhaji ba.

A zaman nan kada ka ambaci kotu ko ragowar albashi. In ya ce a'a, ka yi godiya ka tashi. Bayan kwana biyu sai dattijon ya koma da maganar haƙƙinka: albashin da ya rage, kuɗin sanarwa, da takardar shaidar cewa ka yi aiki a wurin.

In an ƙi, ko an yi shiru

Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1975, tana da ofis a kowace jiha, ba a biyan ko kwabo. Tana duba ƙorafi kan gwamnati da kamfanoni, amma tana so a zo cikin wata 12, bayan an bi hanyoyin cikin gida, kuma ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu. Kano tana da tata hukumar ta karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci. Ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya da ke jiha shi ma yana kiran mai kamfani a zauna sulhu.

Kotun da ke da hurumin shari'ar aiki ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tun gyaran Tsarin Mulki na 2010, kuma tana zama a Kano. Kai ƙarar kora kotun majistare ko kotun shari'ar Musulunci ta garinku ɓata kuɗin mota ne. Ga mai ƙarar gwamnati, akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta sa wa'adin wata uku. Hukunce-hukuncen kotuna sun saɓa kan ko wa'adin ya shafi shari'ar aiki, saboda haka kada ka yi caca da shi: ka ga lauya tun wata na biyu bai ƙare ba, ko da wasiƙarka tana kan teburin shugaba, don jiran amsa ba ya tsayar da lissafin. Wasu hukumomin ma sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a maka su. Marar hali ya gwada ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko lauyan ƙungiya. Wanda ke da asusun fansho na tsarin tarayya, in ya yi wata huɗu bai samu wani aiki ba, dokar fansho ta 2014 ta ba shi damar cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ya tara.

In an ce ka dawo

Kada ka koma da "an ce ka dawo" ta baki. Karɓi takarda, ka duba ko maido ka aka yi ko sabuwar ɗauka ce. Wanda aka maido, shekarunsa na baya suna nan, matakin albashinsa yana nan, fanshonsa bai yanke ba. Wanda aka yi wa sabuwar ɗauka ya koma sabon shiga, ko da ya yi shekara goma sha biyar. Takardar ta faɗi matsayin albashin watannin da ka yi a gida: za a biya, ko an ɗauke su hutu ba albashi. Ranar da ka koma, rubuta takardar kama aiki, shugabanka ya sa hannu, ka kai kwafi sashen ma'aikata da sashen albashi da ƙafarka, sannan ka tabbatar an sa kwafin takardar janye korar a cikin fayil ɗinka na hedikwata, don shi za a buɗe ranar da za ka yi ritaya.